Yadda Za a Nemi Tallafin Gwamnati Idan Gidan Jinyar Yara Yana Fuskantar Rufewa a Ingila

A Birtaniya akwai gidaje na musamman da ke kula da yaran da likitoci suka tabbatar cewa cutarsu ba ta warkewa, kuma da wuya su kai shekarun girma. Na farkonsu a duniya shi ne Helen House, wanda aka buɗe a birnin Oxford a 1982. Aikin waɗannan gidaje ya wuce kula da kwanakin ƙarshe na rayuwar yaro. Suna karɓar yaro na 'yan kwanaki domin iyayen da suka daɗe ba su yi cikakken barci ba su huta, suna sauƙaƙa masa raɗaɗi, suna tura ma'aikatan jinya har gida, kuma bayan rasuwa suna ci gaba da tsayawa tare da iyaye da 'yan'uwa. Binciken Jami'ar York ya nuna cewa yawan yara da matasa masu irin waɗannan cututtuka a Ingila ya tashi daga 32,975 a 2001/02 zuwa 86,625 a 2017/18, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ci gaban aikin likita ya sa yaran da a da ba sa wuce jarirantaka yanzu suna rayuwa shekaru masu yawa da buƙatu masu nauyi.

Duk da haka, kusan dukkan gidajen ƙungiyoyin agaji ne ke tafiyar da su, kuma kaso mafi girma na kuɗinsu yana fitowa ne daga gudummawar jama'a, da shagunan sayar da kayan da aka bayar kyauta, da wasiyyar mamata. Idan labarin rufe ɗaya daga cikinsu ya fito, abin da mutane ke fara yi shi ne buɗe asusun neman taimako, kuma ba laifi ba ne. Amma ra'ayina shi ne, gudummawar gaggawa tana iya hana rufewa a bana kawai, alhali abin da ke riƙe gida a buɗe shekara bayan shekara shi ne rubutacciyar yarjejeniyar kuɗi da hukumomin da doka ta ɗora wa nauyin kula da waɗannan yara. Bayanin da ke tafe na iyaye ne, da ma'aikata, da masu aikin sa kai, da duk wanda ke son ƙoƙarinsa ya kai ga waɗannan hukumomi.

Ku fara gano irin giɓin da ake fama da shi

Kafin ku rubuta wa kowa wasiƙa, ku tabbatar kun san ko matsalar ta gini ce ko ta kuɗin gudanarwa, domin ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sun bambanta. Misalai biyu za su fayyace wannan. A watan Oktoba na 2024, gidan jinyar jarirai na Zoe's Place da ke Liverpool ya sanar da cewa zai rufe, saboda wa'adin hayar wurin da yake ciki ya kusa ƙarewa, kuɗin gina sabon wuri kuma ya hau fiye da yadda aka tsara. An buƙaci fam miliyan 5 cikin kimanin wata ɗaya, ɗan majalisar yankin Ian Byrne ya jagoranci gangamin, kamfanin da ya mallaki shagunan Home Bargains ya yi alkawarin fam miliyan 2.5, jama'ar birnin suka cika sauran. Wannan giɓi ne na lokaci ɗaya, kuma irinsa gangamin jama'a ke iya cikewa. Na ƙungiyar Acorns daban ne. A 2019 ta bayyana shirin rufe gidanta na Walsall saboda abin da take kashewa kowace shekara ya zarce abin da ke shigowa. An ƙaddamar da neman fam miliyan 2, amma ba a tabbatar da tsirar gidan ba sai a 2021, kuma ƙarin kuɗi daga hukumar lafiya ta gwamnati, wato NHS, yana cikin abin da ya kawo hakan.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Kowace ƙungiyar agaji mai girman waɗannan gidaje tana miƙa bayanin kuɗinta na shekara ga hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales, kuma kowa na iya karanta shi kyauta a shafinta na intanet. Ku ɗauko na shekara uku ko huɗu a jere, ku duba nawa ya shigo daga gwamnati, nawa daga wasiyya, nawa aka kashe a albashi, da kuma watanni nawa kuɗin ajiya zai iya ɗaukar gidan idan komai ya tsaya. Ku lura da bambanci tsakanin kuɗin da aka ba da shi domin wani aiki na musamman, wanda doka ba ta yarda a karkatar da shi ba, da kuɗin da amintattun ƙungiyar, wato kwamitin da ke jagorantar ta, ke da ikon kashewa yadda suka ga ya dace. Gida na iya bayyana da arziki a takarda alhali mafi yawan dukiyarsa gini ne ko kuɗi mai sharaɗi. Daga nan ku nemi zama da amintattun, ku tambaye su adadin da ake buƙata a kowace shekara, da ranar da za a yanke hukuncin ƙarshe, da abin da suka riga suka nema daga hukumomi da amsar da aka ba su. Gangamin da ya saɓa wa lissafin amintattu yana rasa kwarjini tun a zama na farko da jami'ai.

Ku san wanda ke riƙe da kowane kuɗi

Mutane kan ce gwamnati ta taimaka, kamar dai aljihu ɗaya ne, alhali a Ingila hanyoyin kuɗin uku ne. Ta farko ita ce tallafin ƙasa na gidajen jinyar yara, wanda aka fara a shekarar kuɗi ta 2006/07. A 2019 hukumar NHS ta Ingila ta yi alkawarin ɗaga shi daga fam miliyan 12 zuwa miliyan 25 nan da 2023/24, aka ware fam miliyan 26 domin 2025/26, sannan a watan Oktoba na 2025 gwamnati ta sanar da fam miliyan 80 na shekara uku. Ana raba wannan kuɗi tsakanin gidajen ƙasar duka, saboda haka rabon kowane gida ba ya ɗaukar sai wani ɓangare na ɗawainiyarsa, kuma gangamin gari ɗaya ba zai sauya tsarin rabon cikin 'yan makonni ba.

A nan ya kamata a yi hattara da manyan alkaluman da ake ji a labarai. A watan Disamba na 2024 gwamnati ta sanar da fam miliyan 100 ga gidajen jinya na manya da na yara, amma kuɗin na gyaran gini ne da sayen kayan aiki da na'urori, ba a biyan albashi da shi. Gida na iya samun sabon rufi da sababbin gadaje, ya kuma rufe rabin gadajen saboda babu ma'aikatan jinya. Idan wani jami'i ya amsa muku da wannan adadi, ku tambaye shi cikin ladabi nawa ne daga ciki za a iya biyan ma'aikacin dare da shi. Albashi shi ne babban abin da ke cin kuɗin waɗannan gidaje, kuma ya ƙara nauyi tun watan Afrilu na 2025, lokacin da kason inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin ɗari, aka kuma sauke matakin da ake fara biyansa daga fam 9,100 zuwa fam 5,000 a shekara. Ban da wannan, duk lokacin da NHS ta ƙara wa ma'aikatanta albashi, dole gidajen su bi sahu ko ma'aikatansu su koma asibiti.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ita ce ta fi cancantar ƙarfinku, ita ce hukumomin lafiya na yanki da ake kira ICB, waɗanda aka kafa 42 daga cikinsu a watan Yuli na 2022. Dokar Lafiya da Kulawa ta 2022 ta ambaci kulawar sauƙaƙa raɗaɗi a fili cikin ayyukan da wajibi ne waɗannan hukumomi su tanadar wa jama'arsu, gwargwadon abin da suka ga ya zama dole domin biyan buƙatar da ta dace. Dokar ba ta ce sai an ba wani gida na musamman kuɗi ba, kuma bai kamata ku yi da'awar haka ba. Abin da ta ba ku shi ne hurumin tambaya: idan wannan gida ya rufe, a ina yaran nan za su sami kulawar da doka ta wajabta, wa zai yi ta, kuma da wane kuɗi? Ana ta haɗe wasu daga cikin hukumomin, an kuma sanar a watan Maris na 2025 cewa za a mayar da ayyukan NHS ta Ingila ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, don haka ku tabbatar da sunan hukumar da ke da alhakin yankinku a ranar da kuke rubutu.

Hanya ta uku ita ce ƙananan hukumomi. Sashe na 17 na Dokar Yara ta 1989 ya sa yara masu naƙasa cikin yaran da ke da buƙata, kuma ƙa'idojin 2011 sun wajabta wa ƙananan hukumomi samar da hutun ɗan lokaci ga masu kula da su. Hutun da gidajen jinya ke bai wa iyaye aiki ne da ya shiga wannan nauyi, amma sau da yawa ƙananan hukumomi ba sa biyan sai kaɗan, ko ma ba sa biyan komai. Masu gangami kan manta da wannan ƙofa.

Duk abin da aka faɗa ya shafi Ingila ne. A Sikotlan, da Wales, da Ireland ta Arewa, gwamnatocin yankunan ne ke da ikon harkar lafiya, kuma can ake kai kuka.

Ku tattara alkaluma, ku tsara buƙata guda

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2000 ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga hukumar lafiya ta yanki ko ƙaramar hukuma, kuma wajibi ne su amsa cikin kwanakin aiki 20. Gidan jinyar kansa, da yake ƙungiyar agaji ce, dokar ba ta hau kansa ba. Ku taƙaita tambayoyinku, domin hukuma na iya ƙin amsawa idan tattara bayanin zai ci fiye da fam 450, wanda ake lissafawa a matsayin aikin awa 18. Ku tambayi nawa hukumar ta biya gidan a kowace shekara cikin shekaru ukun da suka wuce, ban da tallafin ƙasa da ya ratsa ta hannunta. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci, domin tun 2024/25 tallafin ƙasa yana bi ta hannun hukumomin yanki, kuma abu ne mai sauƙi a haɗa shi da kuɗin yanki a nuna adadi mai kama da girma. Ku tambayi yawan yara masu irin wannan cuta da hukumar ta ƙiyasta suna yankinta, da ko akwai jinyar gida ta dare da rana ga yaron da ke kwanakinsa na ƙarshe, wadda ƙa'idojin hukumar NICE (mai fitar da jagororin aikin lafiya) na 2016 da 2017 suka tanada. Idan an hana ku, ku nemi hukumar ta sake duba matakinta, in ba a dace ba ku kai ƙara ofishin Kwamishinan Bayanai. Tun da gida ɗaya kan karɓi yara daga yankuna da dama, ku aika tambaya iri ɗaya ga kowace hukuma. Bambancin da za ku gani tsakanin abin da maƙwabta biyu ke biya wa kowane yaro yakan zama hujja mafi ƙarfi a hannunku. Ƙungiyar agaji ta Together for Short Lives, mai fafutukar kula da irin waɗannan yara, tana wallafa irin wannan kwatanci na ƙasa baki ɗaya, kuma yana da kyau ku duba rahotonta na baya-bayan nan.

Daga waɗannan alkaluma ku fitar da takarda ta shafi ɗaya ko biyu. Ta faɗi yawan yaran da gidan ke kula da su daga kowane yanki, da darare nawa na jinya aka yi a bara, da yara nawa suka rasu a gida ko a gidan jinyar bisa zaɓin iyayensu maimakon a asibiti. Ta kuma nuna inda nauyin zai koma idan an rufe, wato ɗakunan yara na asibiti, da sashen gaggawa, da gadajen kulawa mai zurfi waɗanda dama ba su wadata ba. Jami'in da ke riƙe da kasafi yana iya tausaya muku ƙwarai, amma abin da zai iya karewa a gaban shugabanninsa shi ne lissafin da ya nuna cewa rufewar za ta dawo masa da ɗawainiya ta wata ƙofa. Sannan ku faɗi buƙatarku da adadi da wa'adi: kuɗin gaggawa kaza domin a kai ƙarshen shekarar kuɗi a watan Maris, da yarjejeniya ta aƙalla shekara uku wadda za ta riƙa ƙaruwa daidai da ƙarin albashin NHS. Wasiƙar da ta ce a taimaka kawai, amsarta ita ce an ji kuma ana dubawa.

Majalisa, kansiloli da zaman hukuma

A al'adar majalisar dokokin Birtaniya, ɗan majalisa yana ɗaukar ƙorafin mutanen mazaɓarsa ne kawai, don haka kowane iyali ya rubuta wa nasa wakilin da cikakken adireshi, da kalmominsa na kansa. Wasiƙa ashirin daban-daban sun fi kwafi ɗari na rubutu ɗaya tasiri. Ku nemi ganawa a ranakun da yake sauraron jama'ar mazaɓa, ku gayyace shi ya ziyarci gidan, kuma ku faɗa masa takamaiman abin da kuke so ya yi. Yana iya aika wa minista tambaya a rubuce, yana iya neman muhawara a zauren Westminster Hall na majalisa ko muhawarar rabin awa ta ƙarshen zama, inda wajibi ne minista ya halarta ya ba da amsa, kuma yana iya kiran shugabannin hukumar lafiya ta yanki su zauna da amintattu a teburi ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ya fitowa a talabijin, amma sau da yawa shi ke motsa kuɗi. Ku haɗa 'yan majalisa na jam'iyyu daban-daban, kada maganar ta zama ta ɓangare ɗaya.

Takardar koke ta shafin majalisa tana samun amsar gwamnati idan ta kai sa hannu 10,000, ana kuma duba yiwuwar muhawara a kanta idan ta kai 100,000. Tana da amfani wajen nuna yawan masu goyon baya, amma tafiyarta a hankali take, kuma ba ta tilasta wa kowa fitar da kuɗi. Abin da ya fi ta sauri shi ne kwamitin kansiloli mai bin diddigin harkar lafiya a ƙaramar hukumarku, wanda ke da ikon kiran jami'an NHS su zo su amsa tambaya a bainar jama'a. Hukumomin lafiya na yanki su ma suna zaman shugabanninsu a buɗe, suna wallafa takardun zaman tun kafin ranar, kuma galibi suna karɓar tambayoyin jama'a idan an aika da wuri. Amsar da aka bayar a irin wannan zama tana shiga rubutaccen bayanin taro, kuma ana iya dawowa da ita bayan wata uku a tambayi inda aka kwana. Idan kuna ganin wata hukuma ta yanke tallafi ba tare da tuntuɓar jama'a ko duba tasirinsa ba, ku ga lauya da gaggawa, domin wa'adin neman kotu ta sake duba matakin hukuma ba ya wuce wata uku.

Idan za a nemi gudummawar jama'a

Tun ran gini tun ran zane: kalmomin sanarwar neman taimako suna da nauyi a doka. Idan aka ce kuɗin na gina sabon wuri ne kawai, sannan ginin bai yiwu ba, amintattu na iya samun kansu cikin wajibcin neman masu bayarwa domin mayar musu da kuɗinsu, a daidai lokacin da yara ke buƙatarsa. Don haka a rubuta tun farko abin da za a yi da kuɗin idan bai kai adadin ba ko ya zarce. Kuɗin ya shiga asusun ƙungiyar kai tsaye, kada ya bi ta asusun wani mutum komai amincinsa. A tuna wa masu biyan haraji su cike takardar Gift Aid, wadda ke ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan abin da suka bayar ba tare da sun ƙara komai ba.

Labarin iyalai shi ne ke taɓa zuciyar jama'a, amma kada a matsa wa kowa. Iyayen da suka yarda a nuna hoton ɗansu su san cewa hoton zai ci gaba da yawo a intanet har bayan rasuwarsa, kuma su san suna da damar janyewa. Yaron da ke iya bayyana ra'ayinsa a tambaye shi. Kuma a duk hira da 'yan jarida, a haɗa godiya ga masu bayarwa da tambayar da ke kan hukumomi, domin idan gangami ya yi nasara cikin shiru game da wannan, jami'ai na iya ɗauka cewa jama'a za su sake cike giɓin a baɗi.

Kare yaronku yayin da ake fafutuka

Neman a ceci gidan bai hana shirya wa yiwuwar rufewarsa ba. A 2018 an rufe Douglas House, sashen matasa na ƙungiyar da ta fara wannan aiki a Oxford, saboda ƙarancin kuɗi, kuma wannan ya nuna cewa tsohon suna ba ya hana rufewa. Ku nemi kwafin tsarin kulawar yaronku da jerin magungunansa da bayanin abin da kuka zaɓa a yi idan jikinsa ya tsananta. Ku rubuta wa hukumar lafiya ta yanki kuna neman a tantance shi, ko a sake tantance shi, a ƙarƙashin tsarin kulawa mai ɗorewa na yara, ku kuma rubuta wa ƙaramar hukuma kuna neman a duba buƙatunsa da naku a matsayin masu kula da shi, kuna ambaton adadin dararen hutun da za ku rasa. Idan yana da tsarin ilimi da lafiya da kulawa na Dokar Yara da Iyalai ta 2014, ku nemi a sake duba shi da wuri. Ku tambayi gidan ko ya fara magana da wani gidan jinya na kusa kan karɓar yara, da nisan tafiyar, da wanda zai ɗauki nauyin mota mai ɗaukar keken yaro da na'urorinsa.

Amintattu kuma su riƙa gaya wa ma'aikata gaskiyar halin da ake ciki a kai a kai, domin ma'aikatan jinyar yara masu wannan ƙwarewa ba su da yawa, kuma idan suka watse saboda rashin tabbas, gidan na iya samun kuɗi ya rasa masu aiki. Idan aka kai ga alkawari daga kowace hukuma, a karɓe shi a rubuce da adadinsa, da ranar fara biya, da ranar ƙarewarsa, da sunan ofishin da zai sa hannu. A sa ranar ƙarewar a ajandar amintattu, a kuma buɗe tattaunawar sabunta yarjejeniyar aƙalla shekara ɗaya kafin ta cika, tun kafin hukumar ta kammala kasafinta na shekara mai zuwa.